Ɓoyayyen Tsari a Takardun Kwamfuta: Inda Yake Fitowa da Yadda Ake Kauce Masa

Kowace takarda da aka shirya da manhajar rubutu, ko Microsoft Word ce, ko LibreOffice Writer, ko Google Docs, ko WPS Office da ta yawaita a wayoyin hannu, tana ɗauke da abu biyu. Akwai kalmomin da ido ke gani, akwai kuma umarnin da ke gaya wa na'ura yadda za ta nuna su: nau'in harafi da girmansa, tazarar da ke tsakanin layuka, faɗin gefen shafi, harshen da aka yi rubutun da shi, da ɓangaren da layi zai faro, dama ko hagu. Wannan umarni shi ake kira tsarin rubutu. Ba a ganin sa a rubuce, amma shi ke juya komai. Idan mai takarda ne ya sa shi da saninsa, babu laifi. Wanda ke jawo ɓacin rai shi ne wanda ya shigo ba a gayyace shi ba, ya laɓe a bayan kalmomi, sai ranar da aka je bugawa ya bayyana.

Masu shagunan buga takardu a Nassarawo, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, da takwarorinsu na sauran unguwannin Mubi, ba baƙin wannan matsala ba ne. Garin yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, saboda haka kundin kammala karatu yana cikin manyan ayyukan da ke zuwa teburinsu. Kundi kuwa ba safai yake fitowa daga na'ura ɗaya ba. An rubuta babi na ɗaya a waya, na biyu a kwamfutar aboki, an tsakuro wani bayani daga intanet, wani daga littafi mai fasalin PDF, wani kuma ta WhatsApp aka turo shi, sannan aka zuba su duka a filash aka kai shago a haɗa. Kowane yanki ya zo da nasa umarnin. Sai a ga kan babi ya sauko ƙasan shafi, lambobin shafi sun ɓace daga tsakiya, shafuka sun ƙaru ba a ƙara kalma ko ɗaya ba. A inda ake biyan kuɗin bugu a kan kowane shafi, kuma malami mai duba aiki zai iya mayar da kundi saboda tazarar layi kaɗai, asarar kuɗi ce da lokaci. Haka abin yake ga takardar neman aiki, da rahoton ofis, da labarin da wakili zai aika wa edita.

Inda tsarin yake ɓuya

Tun daga Office 2007, Word yana ajiye takardu a fayil mai ƙarewa da docx. A haƙiƙa wannan fayil ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda. Wanda ya yi kwafin takardarsa, ya sauya ƙarshen sunan kwafin daga docx zuwa zip, zai iya buɗe shi ya leƙa ciki. Zai tarar da document.xml mai ɗauke da rubutun, da styles.xml mai ɗauke da jerin salo, da wani fayil da ya adana sunan wanda ya fara takardar, da wanda ya taɓa ta daga ƙarshe, da lokacin da aka yi hakan.

Tsarin kansa hawa uku ne. Na farko shi ne salo, wato tarin umarni da aka raɗa wa suna. Salon Normal shi ne na gangar jikin rubutu, Heading 1 na kan babi, Heading 2 na ƙaramin kai. Idan aka gyara salo sau ɗaya, duk sakin layin da ke ƙarƙashinsa sai ya bi. Na biyu shi ne tsarin kai-tsaye, wanda mai rubutu ke ɗorawa da hannu: ya zaɓi kalma ya kaurara ta, ya zaɓi layi ya ƙara masa girma. Wannan yana hawa kan salo ya danne shi, shi ya sa wani sakin layi kan ƙi sauyawa bayan 'yan uwansa duk sun sauya. Na uku shi ne tsarin sashe, mai kula da girman takarda, da gefen shafi, da lambobin shafi, da abin da ke saman shafi da ƙasansa.

Mabuɗin ganin duk wannan yana shafin Home, alama ce mai kama da haka: ¶. Ana danna ta, ko a haɗa Ctrl+Shift+8. Nan take ɗigo zai bayyana a duk inda aka bar fili tsakanin kalmomi, kibiya a inda aka danna Tab, ita kuma alamar ¶ a ƙarshen kowane sakin layi. Wannan alama ba ado ba ce. A cikinta Word ke ajiye tsarin sakin layin da ta rufe. Duk wanda ya kwafi rubutu ya haɗa da ita, ya kwaso tsarin ke nan gaba ɗaya, ko da bai nufa ba. Haka ita ma alamar rabuwar sashe take riƙe da tsarin shafukan da ke samanta. Idan aka goge ta, shafukan sai su ɗauki tsarin sashen da ke biye da su. Nan ne asalin koken da aka saba ji a kan kundi, cewa shafukan farko, na sadaukarwa da godiya da tsakure da ƙunshiya, waɗanda ake sa wa lambobin Romawa, sun wayi gari da 1, 2, 3 irin na babi na ɗaya.

Wanda yake son sanin takamaiman abin da ke kan wata kalma, sai ya ɗora mata alamar rubutu ya danna Shift+F1. Wani allo zai buɗe a gefe ya zayyana nau'in harafinta, da harshenta, da tazarar sakin layin da take ciki.

Ƙofofin da yake shigowa

Babbar ƙofa ita ce kwafa da liƙawa. Rubutun shafin intanet yana zuwa da launinsa, da launin bayansa, da mahaɗan da ke kai mutum wasu shafuka, wani lokaci har da jadawali marar layi da aka tsara shafin da shi. Yakan zo kuma da wani irin fili tsakanin kalmomi wanda ba ya barin layi ya karye a wurin. Idan aka kunna ¶, wannan fili yana fitowa kamar ƙaramin zobe maimakon ɗigo, kuma shi ne sanadin layukan da ke da giɓi babba a tsakiya idan an daidaita rubutu dama da hagu.

Rubutun PDF nasa aibin daban. Sau da yawa kowane layi kan zo da alamar sakin layi a ƙarshensa, sai sakin layi ɗaya ya koma goma. Na WhatsApp yakan zo da taurarin da aka kewaye kalma da su don ta yi kauri. Rubutun da aka ɗauko daga wata takardar Word kuwa salonsa yake jawowa. Idan takardar da aka kai shi ba ta da salo mai wannan suna, sai sabon ya shiga jerinta ya zauna, ko da daga baya an goge rubutun da ya kawo shi. Kundin da ya bi ta hannu biyar yakan tara salo masu yawa da babu mai amfani da su.

Akwai kuma bambancin zamani. Kafin 2007, sabuwar takardar Word tana farawa da Times New Roman mai girman 12, layuka a matse. Daga 2007 aka koma Calibri mai girman 11, aka ƙara tazara tsakanin layuka da kuma bayan kowane sakin layi. A 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da Aptos a madadin Calibri. Ke nan babi uku da aka fara a kwamfutoci uku za su iya zuwa da salon Normal iri uku. Girman takarda ma haka. A Nijeriya A4 ake bugawa, mai milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo, alhali kwamfutoci da yawa, musamman na hannu da aka shigo da su daga Amurka, suna nan a kan Letter, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan amma ba ta kai ta tsawo ba. Takardar da aka tsara a kan Letter aka buga a A4, dole ƙarshen shafukanta ya gurɓace.

Mubi tana kusa da iyakar Kamaru, takardun kasuwanci da na makaranta kuma suna ƙetarowa. Rubutun da aka yi a kwamfutar da aka saita da Faransanci yana ɗauke da shaidar wannan harshe a ɓoye. Idan aka ci gaba da rubutu a tsakiyarsa, Word zai riƙa bin ƙa'idar Faransanci: ya sa fili kafin alamar tambaya da ta motsin rai, ya mayar da alamun zance zuwa « da ». Ba lalacewa kwamfutar ta yi ba, harshen da aka gaya mata take yi wa biyayya.

Ƙofa ta ƙarshe hannun mai rubutun ne. Al'adar tafireta ba ta mutu ba: a danna Enter sau goma sha biyar don a kai sabon shafi, a danna maɓallin fili sau talatin don kan magana ya zo tsakiya, a jera ɗigogi da hannu a ƙunshiya. Duk wannan yana tsayawa daidai ne a kwamfutar da aka yi shi, da zarar an sauya nau'in harafi ko firinta sai ya wargaje. Sabon shafi da Ctrl+Enter ake buɗe shi, tsakiya kuma da Ctrl+E.

Rufe ƙofa tun da wuri

Rigakafin bai da wuya: rubutu ya shigo, kayansa su tsaya a waje. Bayan an liƙa abu a Word, wata 'yar alama takan fito a ƙarshensa mai zaɓi iri-iri. Keep Source Formatting yana riƙe tsarin inda aka ɗauko, Merge Formatting yana bin tsarin sabon wuri amma ya bar kauri da karkata, Keep Text Only kuwa kalmomi zalla yake kawowa. Na ƙarshen shi ne abin dogaro. A Google Docs da sababbin Word na Microsoft 365, Ctrl+Shift+V yana yin wannan aiki kai tsaye. A tsofaffin Word sai a danna Ctrl+Alt+V a zaɓi Unformatted Unicode Text. A LibreOffice kuma Ctrl+Alt+Shift+V ne. Mai shago da ke haɗa takardun mutane kullum zai fi samun sauƙi idan ya shiga File, ya zaɓi Options, sannan Advanced, ya nemi sashen Cut, copy, and paste, ya mayar da liƙawa daga wasu manhajoji da wasu takardu zuwa Keep Text Only dindindin.

Hanyar tana da farashi. Hotuna ba sa biyo ta, jadawali yana rushewa ya koma layuka, kalmomin da aka karkata kamar sunayen littattafai a manazarta suna miƙewa, bayanan ƙasan shafi ma kan salwanta. Sai an bi an mayar da su. Duk da haka, mayar da abu goma da aka sani ya fi farautar abu ɗari da ba a gani.

Bayan rubutu ya shigo tsaf, sai a tsara shi da salo. A gyara Normal sau ɗaya daidai da abin da sashen karatu ko ofis ya gindaya, a sa wa kowane kan babi Heading 1 da Ctrl+Alt+1, ƙananan kanu Heading 2 da Ctrl+Alt+2. Ribar tana zuwa a ƙarshe, domin Word zai iya haɗa ƙunshiya da kansa daga waɗannan kanu, ya kuma gyara lambobin shafinta duk lokacin da aka umarce shi. A wajen gyaran salo akwai wani ɗan akwati mai suna Automatically update. Gara a bar shi babu alama. Idan yana kunne, kaurara sakin layi ɗaya zai iya kaurara duk masu salo irin nasa.

Inda Hausa ta bambanta

Shawarar da ke sama ta wadatar ga mai rubutu da Ingilishi. Ga mai rubutu da Hausa, ko Fulfulde da ake ji ko'ina a Adamawa, akwai tarkon da ya kamata a sani kafin a share komai, wato haruffa masu ƙugiya.

Kafin ƙa'idar Unicode ta game duniya, kwamfuta ba ta da gurbin da kowa ya amince da shi na ɓ da ɗ da ƙ. Dabarar da aka yi ita ce a ƙera nau'in haruffa na musamman, a ari gurbin wasu maɓallai a zana masu ƙugiya a kai. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar, kuma sun yi wa ɗab'in Hausa hidima mai yawa a lokacin da babu wata mafita. Wasu irin waɗannan haruffa sun ari q da x da v, tunda Hausa ba ta amfani da su, wasu kuma sun ari alamun baka. Har yau ana rubuta kundaye da littattafai da su.

A irin wannan takarda, ƙugiyar ba a jikin harafin take ba, a cikin tsarin take. Abin da kwamfuta ta adana q ne, nau'in harafin ne ya yi masa rigar ƙ. Da zarar an cire rigar, ko ta hanyar Keep Text Only, ko ta zaɓar komai a mayar da shi Times New Roman, ko kawai ta buɗe fayil ɗin a waya ko a kwamfutar da ba a sa mata wannan nau'in ba, sai ƙasa ta koma qasa, ɗaya ta koma xaya, ɓangare ya koma vangare. A ɗaya fasalin kuma sai a ga }asa da ]aya. Akasin haka ma yana faruwa. Idan aka shafa wa dukkan takarda tsohon nau'in, kalmomin Ingilishi da ke manazarta sai su sami ƙugiyar da ba tasu ba, shi ya sa ake cin karo da Uniɓersity a rubuce-rubucen Hausa da dama. Don kauce wa wannan, masu buga rubutu sukan sauya nau'in harafi a kan kowace baƙuwar kalma, abin da ke cika takarda da tsarin kai-tsaye ta ko'ina.

Mayar da takardar PDF yana rufe aibin ne daga ido kawai. Za ta fito daidai a bugu, amma wanda ya nemi kalmar ƙasa a cikinta ba zai same ta ba, injin bincike na intanet da manhajojin gano satar fasaha su ma qasa za su karanta. Wasu kuma sukan gaji su watsar da ƙugiya gaba ɗaya, wanda gyaran gangar Auzinawa ne, domin kafa ba ƙafa ba ce, kara ba ƙara ba ce, bata kuma ba ɓata ba ce.

Mafita ita ce a fara sauya haruffan zuwa na Unicode tun tsarin yana nan, sannan a yi shara. Ana buɗe akwatin nema da musanyawa da Ctrl+H, a danna More, a sa alama a Match case don kada babban baƙi ya cakuɗe da ƙarami. Sai a ajiye alamar rubutu a gurbin nema, a danna Format, a zaɓi Font, a nuna sunan tsohon nau'in. Da haka q da x da v da ke sanye da wannan nau'in kaɗai za a taɓa, na kalmomin Ingilishi su tsira. A musanya q da ƙ, x da ɗ, v da ɓ, sannan a maimaita da manyan baƙaƙe. Zagaye shida ke nan, kuma a kan kwafi ake yi, ba a kan asalin takarda ba.

Samun haruffan na gaskiya ba wuya yanzu. Windows yana da allon maɓallai na Hausa da ake ƙarawa a sashen harsuna, Gboard na waya ma yana da shi. A cikin Word ana iya rubuta lambar harafi a danna Alt+X: 0253 na ba da ɓ, 0257 ɗ, 0199 ƙ, 0181 Ɓ, 018A Ɗ, 0198 Ƙ. Harafin ƴ da ake amfani da shi a Hausar Nijar da Fulfulde lambarsa 01B4, ŋ na Fulfulde kuma 014B. Akwai ɗan sharaɗi. Idan harafin da ya gabata yana tsakanin a da f ne, kamar a kalmar kaɗan, Word zai ɗauke shi a cikin lambar. Sai a rubuta U+0257 a cike kafin a danna Alt+X. Daga nan a tabbatar nau'in da aka zaɓa yana da waɗannan haruffa, in ba haka ba Word zai aro su daga wani nau'in, su fito dabam a tsakiyar kalma. Times New Roman da Arial na sababbin Windows suna da su, haka Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, waɗanda ake saukewa kyauta.

Gyaran da Word ke yi da kansa shi ma yana taɓa Hausa. Alamar da ke farkon 'ya'ya da 'yan kasuwa, manhajar tana ɗaukar ta a matsayin buɗe zance, sai ta juya ta baibai. Danna Ctrl+Z nan take yana mayar da ita yadda aka buga. Harafin c a cikin baka biyu, wanda ake yawan sawa a jerin tambayoyi, yakan rikiɗe ya koma ©. Ana kashe waɗannan a File, Options, Proofing, AutoCorrect Options. Jan layin da ke cika shafin Hausa kuwa alama ce cewa an yi wa rubutun shaidar Ingilishi. A zaɓi komai da Ctrl+A, a shiga Review, Language, Set Proofing Language, a zaɓi Hausa, ko a sa alama a akwatin da ke hana duba ƙa'idar rubutu.

Ayoyi da hadisai da ake kwafowa da Larabci suna zuwa da umarnin fara layi daga dama, wani lokaci har da alamun juya alkibla marasa siffa. Idan aka danna Enter a ƙarshen irin wannan sakin layi aka ci gaba da Hausa, sabon zai gaji alkiblar, sai aya ta koma farkon layi, baka su juya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ware wa Larabci salo nasa, a kuma tanadi sakin layin Hausa a ƙasa tun kafin a liƙa nassin.

Takardar da ta riga ta cakuɗe

A fara da ajiye kwafi. A kunna ¶. Idan akwai tsofaffin haruffan Hausa, a sauya su tukuna. Sannan a zaɓi rubutun da ake son gyarawa: Ctrl da maɓallin fili suna cire tsarin kai-tsaye na haruffa, Ctrl+Q yana cire na sakin layi, Ctrl+Shift+N yana mayar da shi salon Normal. A LibreOffice Ctrl+M ne, a Google Docs kuma Ctrl+\.

Akwatin Ctrl+H yana gane alamun ɓoye idan an kira su da lambarsu. ^p alamar sakin layi ce, ^l karyewar layi da aka yi da Shift+Enter, ^t na Tab, ^s filin nan mai zobe, ^m rabuwar shafi, ^b rabuwar sashe. Musanya ^s da fili na yau da kullum yana toshe giɓin layuka. Musanya ^p^p da ^p, a maimaita har a daina samu, yana kwashe layukan da babu komai a cikinsu. Ga rubutun PDF, a zaɓi sakin layi guda, a musanya ^p da fili a cikinsa kaɗai, kada a amsa tayin da Word zai yi na ci gaba da sauran takardar.

Idan takarda ta ƙi jin magani, akwai tsohuwar dabara. Alamar ¶ ta can ƙarshen takarda tana riƙe da tsarin sashe na ƙarshe, kuma nan datti kan taru. A je ƙarshe da Ctrl+End, a danna Ctrl+Shift+Home, a kwafa, a liƙa a sabuwar takarda. An kwashi komai ke nan ban da ita. Idan kuwa kowace sabuwar takarda a wata kwamfuta tana fitowa da baƙon tsari, to laifin na Normal.dotm ne, fayil ɗin da Word ke ɗaukar samfuri daga gare shi. A rufe Word, a sauya wa fayil ɗin suna, manhajar za ta ƙirƙiri sabo da kanta.

Abin da ya fi tsari haɗari

Ba tazara da girman harafi kaɗai ke ɓuya ba. Word yana da Track Changes, wanda ke adana duk abin da aka goge da wanda aka ƙara, tare da sunan wanda ya yi. Malamai da editoci suna amfani da shi sosai. Kuskuren da ake yi shi ne a zaɓi No Markup a ɗauka an gama, alhali labule kawai aka ja. Gyare-gyaren suna nan har sai an karɓe su ko an ƙi su a shafin Review. Akwai kuma rubutun da aka sa wa alamar Hidden, wanda ba ya fitowa sai an kunna ¶, a gan shi da ɗigogi a ƙarƙashinsa.

Manyan hukumomi sun ji kunya ta nan. A farkon 2003 ofishin Firaministan Birtaniya, Tony Blair, ya saki wani rahoto a kan Iraƙi a fayil ɗin Word. Bayan Glen Rangwala na Jami'ar Cambridge ya gano an kwashi sassa da yawa daga maƙalar wani mai bincike, Ibrahim al-Marashi, sai aka tono tarihin da ke cikin fayil ɗin aka fito da sunayen ma'aikata huɗu da suka taɓa shi. A watan Oktoban 2005, rahoton da mai gabatar da ƙara ɗan Jamus Detlev Mehlis ya shirya wa Majalisar Ɗinkin Duniya a kan kisan tsohon Firaministan Labanan, Rafik Hariri, ya isa hannun 'yan jarida da gyare-gyarensa a ciki. Sunayen da aka goge daga rahoton, har da na Maher al-Assad, ƙanin shugaban Siriya na lokacin, da surukinsu Asef Shawkat, suka fito fili. Takardar neman kwangila da aka ɗora a kan tsohuwa, ko wasiƙar da aka ari samfurinta daga wani, za ta iya tona tsohon farashi ko sunan mai ita ta wannan hanya.

Kafin a aika da fayil mai muhimmanci, a shiga File, Info, Check for Issues, Inspect Document. Zai lissafa sharhin gefe, da gyare-gyare, da ɓoyayyen rubutu, da sunayen da ke maƙale, ya ba da damar cire su. Abin da ya cire ba lallai ya dawo ba, don haka shi ma a kan kwafi ake yin sa.

Takardar da bugawa kawai za a yi, a mayar da ita PDF a kwamfutar da aka tsara ta, a duba shafukan ɗaya bayan ɗaya, sannan a kai shago. Wadda za a ci gaba da gyarawa a wani wuri, ana iya cusa mata nau'in haruffanta ta File, Options, Save, Embed fonts in the file, matuƙar lasisin nau'in ya yarda. Labarin da za a ɗora a shafin intanet kuwa, idan aka liƙa shi kai tsaye daga Word yakan tafi da tarkacen umarni masu farawa da mso, waɗanda ke sa labari ɗaya ya fito da haruffa dabam da na sauran shafin. Wakili ya bi da shi ta Notepad tukuna, idan zai ajiye shi a can kuma ya zaɓi UTF-8, domin ANSI ba ta da gurbin ɓ da ɗ da ƙ.